Ƙyauren Inna Abu

Jiya da la'asar ina ɗinkin bel ɗin inji na ji ɗayanku yana cewa aikin Baba Sada ai ba wuya, inji ke yin komai, shi dai ya ɗora gungume ya tura. Ban tanka ba, don na san mai maganar, ko buhun garin katako ba ya ɗagawa sai da nishi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To tunda yau babu mai, injin ya yi shiru, ku jawo bencin nan inuwa in ba ku labarin gungume guda ɗaya. Na wata tsohuwa ne, Inna Abu, kuma shi kaɗai ya rage mata daga gidan aurenta. Ƙyaure take so a fitar mata daga cikinsa, ta samu ta rufe ɗaki ta yi barci. In na karkata shi da kaurin yatsa a kan keke, ta rasa ƙyauren, ta rasa itacen, kuma ba ta da wani.

Ku fara sanin abin da kuke kallo kullum ba ku lura. Injin nan bai san komai ba. Faifan zarto yana tsaye wuri guda yana juyawa, keken da ake ɗora gungume yana tafiya a kan dogo, duk abin da ka miƙa masa zai tsaga, ko daidai ko ba daidai ba. Shi kuwa itace bai fito daga ƙasa don ya faranta wa kafinta rai ba. Gindi ya fi kai kauri, wani ya yi doro, wani ya murɗe, wani lafiya lau a waje amma ciki kogo ne. A kowane bakin gungume akwai ɗigon tsakiya da zobba suka kewaye, mu muna ce masa cibiya. Sai ka daidaita cibiyar gaba da ta baya a kan layin zarto, ka mirgina, ka cusa weji, wato ɗan katakon tokara, ka kafa ƙugiya ta riƙe, sannan a tada inji. In ka yi kuskure a nan, falanki zai fito da kauri a kai ɗaya, ɗaya kan kuma kamar takarda, kuma abin da zarto ya raba ba mai mayar da shi.

A Safana na koya, wurin Malam Ɗahiru, Allah ya jiƙansa, tun ba a kawo inji wajenmu ba. Rami ake haƙawa a gitta gungume a bisa, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana jan dogon zarto. Sabon shiga shi ke ƙasa, don haka na sha garin katako ta ido da hanci har na daina jin ɗacin maɗaci. Malam Ɗahiru gajere ne, mai faɗa, yabo kuwa ba ya cikin abincinsa. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa zaren awo ba, aikina mirgina gungume kawai. Ya ce mirgina, in mirgina. Ya zagaya, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya ce ƙara. In ƙara, ya ce na zarce, in dawo. Akwai ranar da muka wuni a kan kirya guda ba mu ja zarto ko sau ɗaya ba, ina ta ƙunƙuni a ciki ina cewa tsohon nan mugunta ce kawai ke damunsa. Sai da gemu ya fito mini na gane mirginawar nan ita ce sana'ar, jan zarto kuwa kowane ƙato ya iya.

Abu na biyu da ya dasa mini shi ne, itacen gida ba a tsaga shi sai an yi hira da mai shi. Na daji ba ruwansa, amma na ƙofar gida ya zauna da mutane, mutane kuwa ba sa barin itace ya huta. Wannan ya kafa ƙusa ya rataya rediyo, waccan ta ɗaura waya tana shanya, mai jaki ya buga ƙarfen ɗaure. Itacen ya yi ta ƙiba ya haɗiye su, ɓawo ya rufe kamar ba a yi ba. Zarto ya ci karo da ƙarfe, haƙora sun tafi. A inji abin ya fi muni, don haƙorin da ya ɓalle ba ya sallama kafin ya samu mutum.

Teburin wani mahauci na kasuwar Batsari shi ne aikin farko da na zaunar da kaina bayan an kafa injin nan na dawo gida. Kirya ce mai kauri, har yau ana sara nama a kanta. Daga nan aiki ya buɗe. Fulani suna kawo itacen karkiya da na amalanke, masu shayi suna son benci, kafintoci kuwa kullum so suke gungume ya haifi falankin da ba ya ɗauke da shi, in bai haifa ba su ce Sada ya ɓarnatar. Haruna, ɗan kawuna, shi ke riƙe da injin, ni ina kan keke. Abokin wasana ne, bawansa yake kirana tun muna yara, kuma har yau da furfurarmu bai 'yanta ni ba.

Sai shekarar da daji ya gagari shiga. Ba sai na faɗa muku dalili ba, da wayonku. Masu kawo mana maɗaci da marke daga yamma suka ɗauke ƙafa. Mutanen ƙauyuka suka yi ta shigowa gari da tabarmi da tukwane a kan amalanke, kowa ya raɓa gidan dangi. Mu kuma muka koma tsagar bedi, wato darbejiyar cikin gari, in an samu. Faifai ɗaya ya rage mana, haƙoransa sun sha magagari har sun gajarce, kuma Alhajin da ke da injin ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, in wannan ya tafi sai dai a rufe wurin.

A cikin wannan hali ne, bayan an kawar da amfanin gona, wata amalanken shanu ta tsaya nan inda kuke zaune. Mai ita magidanci ne, Lawali, mutumin wani ƙaramin ƙauye can bakin daji, yana cikin waɗanda suka dawo gari. Muka gaisa, na tambayi iyali da baƙunta da haƙurin zama, ya ce sai godiya. Sannan ya yaye buhunan da ya rufa.

Maɗaci ne mai kyan jiki, ja, in ka rungume shi da ƙyar hannu ke haɗuwa. Tsawonsa ya ɗara tsayin ƙofa kaɗan. Amma ya lanƙwashe a tsakiya kamar ƙahon sa.

Haruna ya leƙo ya ce, "Wannan ai ba gungume ba ne, ruku'u yake yi. Raba shi biyu a gwiwar, a fidda benci huɗu masu kyau."

Lawali ya ce, "A'a Baba, ƙyaure nike so. Na Inna."

Na ce masa gaskiya, itace mai doro ba ya son ba da dogon falanki. In ƙyaure ne ya bar mana wannan, in ba shi busasshen bedi miƙaƙƙe, kafinta ya haɗa masa a wuni ɗaya. Sai ya ba ni labari. Tun ranar da suka baro gida mahaifiyarsa ba ta yi barcin kirki ba. Ɗakin da dangi suka ba ta buhu ne rataye a bakinsa. Ya samo mata ƙyauren kwano, iska na taɓa shi yana ƙara, duk ƙarar sai ta zabura ta zauna, har ta ce a cire. Ta rame, abinci sai an yi da gaske. Maɗacin nan mahaifinsa, Malam Isiya, ya dasa shi a ƙofar gida shekarar da aka kawo ta, kuma ya riga mu gidan gaskiya tun kafin tashin. Da Lawali ya bi ayari da rana ya koma ɗebo abin da ya saura, sai ya tarar masu injin hannu sun kayar da itacen, sun yanke miƙaƙƙen jikin sun tafi da shi. Wannan suka bari don ba ya da amfani a wurinsu. Da ya faɗa mata, ba ta yi kuka ba, ta ce ya koma ya ɗauko, in an yi mata ƙyaure da iccen Malam za ta san tana gida.

Tausayi ya kama ni, amma tausayi ba ya miƙar da itace. Na zagaya gungumen, na gwada da zare. Falanki uku ake bukata masu tsawon ƙofa. In aka kwantar da shi doron yana gefe, zarto zai shiga ya fita, a samu guntaye. In aka tsayar da doron a layin zarto, kowane falanki zai fito da lanƙwasarsa, a gyara gefuna a samu miƙaƙƙe, sai dai faɗin zai ragu. Na auna na ga ukun za su rufe ƙofa da ƙyar, babu rarar ko yatsa biyu. Na ce wa Lawali ban yi alkawari ba, kuma ba zan taɓa shi ba sai ya kawo mini Inna mun yi magana.

Washegari da hantsi ta zo, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda, idanunta sun yi ja sun faɗa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gidana kaf har da jikoki, ta sa mini albarka tun ban yi komai ba. Sannan ta juya wajen gungumen.

Na ce, "Inna, wane ɓangare ne wannan a jikin itacen?"

Ta ce, "Wanga shi ne babban reshen da ya yi gabas, bisa rumbu. Ya kwanta, kana ya miƙe sama. Can ƙarshenshi Malam ka aza amya."

Da na ji amya sai na tuna mai zuma hawa yake yi. Na ce, "Da me yake hawa, Inna? Tsani?"

"Tsani ya kai shi rassa. Daga nan ya sa maƙeri ya yi mashi ƙarhe, ya kahwa inda shika taka ƙahwa. Tsawonshi kamar taƙi."

Na duba jikin itacen, ba alamar komai, ɓawo ya rufe sumul. Na ce ko za ta iya tuna wurin. Ta miƙa wa Lawali sandar, ta ɗora tafin hannu a cikin lanƙwasar tana shafawa a hankali, har ta tsaya daidai tsakiya, inda ɓawon ya ɗan tasa.

Ta ce, "Nan. Ni ka tsayawa ƙasa da ƙwarya in shina ɗibar zuma. Idona na bisa ƙahwarshi har shi sauko. Ban taɓa hwaɗa mashi tsoro nike ji ba, sai in ce hayaƙi ne ya sa ni hawaye."

Na ɗauko gizago na sassaƙe ɓawon, na bi da cizal. Ban yi nisa ba jan itacen ya koma baƙi, alamar ƙarfe ke nan. Can sai cizal ya yi ƙara. Ga kan ƙarfen, ya yi tsatsa, amma gefe guda a goge yake inda ƙafa ta daɗe tana taka shi. Inna Abu ta sa yatsa ta taɓa. Muka kama shi da filaya ni da Haruna muka ja har jijiyar wuya ta tashi, ko motsi bai yi ba, itacen ya riƙe shi gam.

Haruna ya ja ni gefe, wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Sada, faifai ɗaya gare mu. Ka haƙe shi ka fitar, ko ka ba su haƙuri."

Gaskiya ya faɗa. Amma ƙarfen yana zaune ne daidai inda faɗin ya fi ƙaranci, a cikin falankin tsakiya, wanda ya fi kowanne faɗi. In na haƙa ramin taƙi guda a nan, falankin ya mutu, biyun da suka rage kuwa ba su rufe ƙofa. Hanya ɗaya ce ta rage, in zaunar da gungumen yadda ƙarfen zai tsaya a miƙe kamar yadda faifan yake tsaye, zarto ya wuce ta damansa, ya dawo ya wuce ta hagunsa, ƙarfen ya zauna cikin falankin tsakiya abinsa. Na faɗa wa Haruna. Ya dube ni ya ce wa ya gaya mini ƙarfen bai tanƙware a ciki ba. Na ce ba wanda ya gaya mini. Sai ya ce, "To bawa, in faifan ya tafi, kai za ka yi wa Alhaji bayani, ni kurma ne ranar." Ya je ya fara duba mai.

Zaunar da gungumen nan shi ne aiki mafi wuya da na yi a rayuwata. Da a ce kifa shi zan yi, kawunan biyu a ƙasa, da ya zauna daram. Amma dole in riƙa ganin kan ƙarfen, don haka sai a bayansa ya kwanta, kawunan suna sama, yana rawa kamar ƙwarya a kan ruwa. Muka tallafe kowane kai da guntayen katako da weji. Na ƙara sassaƙe gefen ƙarfen har na ga wuyansa, na jingina tsinken tsintsiya a jikinsa don ya nuna mini inda ya dosa. Na ɗaura noti a zare na sake shi yana lilo har ya tsaya. Sai mirginawa. Lawali yana kan sandar ƙarfe, ina cewa ƙara, ya ƙara, in ce ya zarce, ya dawo. Da tsinken ya yi daidai da zaren, sai in koma bakin gungumen in tarar cibiyar baya ta kauce. In gyara cibiya, tsinke ya karkace. Sai da na raba musu gardama, kowanne ya rage kaɗan, na cusa wani siririn weji da na fere da wuƙa a ƙarƙashin kan baya.

Har aka kira azahar muna abu ɗaya. Haruna ya ce ko amarya ba a daɗewa haka wurin zaunar da ita. Inna Abu, da ke kan benci tun safe, ta ce masa, "Bar shi, ɗan nan. Wanda ya dasa shi ma bai yi gaugawa ba." Muka yi salla muka dawo. Na kafa ƙugiyoyi, na jiƙa zare a ruwan gawayi na ɗaure shi daga kai zuwa kai, na ja na saki, ya bar baƙin layi. Layi biyu na tsakiya na bar musu kaurin yatsu uku, ƙarfen yana tsakaninsu.

Na sa Lawali ya kai mahaifiyarsa bayan katanga, don ba a tsayawa a saitin faifai. Haruna ya tada inji. Yankan farko na gefe ne, ɓawo da farin itace, ya fita lafiya. Na matso da keke don yanka na biyu, shi ne na dama da ƙarfen. A irin wannan wuri kunne ke aiki fiye da ido. Muddin faifai yana kuka da murya ɗaya, lafiya. Na riƙa turawa a hankali, Haruna hannunsa na kan sandar da ke sauke bel, idonsa na kaina. Muka iso tsakiya. Muryar ba ta sauya ba. Falankin farko ya kwanta, ja wur, mai kyau.

Na ɗaga hannu Haruna ya sauke bel. Na tsuguna na duba fuskar da aka yanka. Baƙin tabon ƙarfen ya fito a sama, kusa da kan, amma yana yin ƙasa sai ya dushe ya ɓace. Abin da wannan ke nufi, tsinin ƙarfen ya gudu daga wannan gefe, ya karkata zuwa wancan, inda zan yanka yanzu. Haruna ya yi gaskiya, ya tanƙware. Mirginawa kuma ta ƙare, tunda an riga an buɗe fuska ɗaya. Abin da ya rage shi ne in matsar da layin hagu waje, in ƙara wa falankin tsakiya kauri in rage wa na uku. In na matsar da yawa, na ukun ya zama siriri ba ya ƙyaure. In na matsar kaɗan, faifai ya ci ƙarfe. Na tsaya ina kallon tabon, ina kwatanta taƙi guda da hannuna a jikin itacen. Na matsar da kaurin ɗan ƙaramin yatsana, na sake buga zare, na yi bisimilla.

Wannan yankan ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai san da muka kai tsakiya muryar faifan ta ɗan yi kauri, Haruna ya ɗaga gira, na girgiza masa kai na ci gaba da turawa kamar mai tura jariri a kan tabarma. Muryar ta dawo daidai. Da falankin ya rabu na ga wani baƙin tabo kamar tafin hannu a fuskarsa. Na kankare tsakiyarsa da farce, sai ga tsinin ƙarfe yana leƙe. Tsakaninsa da zarto bai fi kaurin ɓawon gyaɗa ba. Na zauna a kan dogo. Haruna ya zo ya duba, ya cire hularsa ya share fuska, ya ce, "Yau dai na 'yanta ka, amma zuwa magariba kawai."

Muka fitar da na uku, muka gyara gefuna, muka jera su a ƙasa. Suka rufe awon ƙofa, ba ragi ba ƙari. Inna Abu ta fito daga bayan katanga ta tsuguna tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a ɗora mata a amalanke. A nan muka ɓata da ita. Na ce ba inda za su, cikinsu da sauran danshi, in aka haɗa yanzu za su kantare su buɗe baki, ta riƙa hango tsakar gida ta tsakaninsu. Na jera su a inuwa, na sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, na danne da duwatsu.

Makonnin nan sun fi yankan yi mini nauyi. Duk ranar kasuwa sai ta dogaro sandarta ta zo, idanun nan sun ƙara faɗawa.

"Sun bushe, Malam Sada?"

In ƙwanƙwasa in saurara, in ce, "Da saura, Inna."

"Kai dai taurin kai gare ka. Malam ma haka shike."

Ta zauna kusa da su ta ɗan jima, ta tashi. Wallahi sau da yawa na so in ce a ɗauka, don ina tsoron kada jikinta ya gaza kafin katakon ya shirya. Amma in na ba ta ƙyauren da zai buɗe baki, wahalar da muka sha duka ta tashi a banza. Ranar da na ƙwanƙwasa na ji sun amsa da ƙara mai tsabta, da kaina na kai su wurin kafinta. Na roƙe shi ya sa falanki mai ƙarfen a gefen sakata, yadda kan zai fito a kaifin ƙyauren, kada kuma ya kusance shi da abin gogewa. Ya yi masa gitta uku a baya, ya shafe shi da mai. Da yamma aka kafa shi, ban samu zuwa ba, muna da aikin bedi.

Washegari rana ta ɗaga sosai ina wasa haƙoran faifai, sai ga Lawali a guje, ko sallama bai yi daidai ba. Ya ce Inna ba ta fito asuba ba, ita da ke riga kowa tashi. Ta sa sakata ta ciki. Matarsa ta buga, shi ya buga, ya kira, shiru. Ya ce in ba shi sandar ƙarfe ya ɓalle ƙyauren. Abin da yake tunani shi nake tunani. Na ɗauki sandar da kaina na bi shi.

Muka tarar da matan gidan sun yi cirko-cirko a tsakar gida, wata da taɓarya a hannu ta bar daka. Ga ƙyauren nan ja, ya zauna cif a bakin ɗakin, ko haske ba ya ratsa shi. Na san inda zan sa sandar ya buɗe da bugu ɗaya, kuma na san falankin mai ƙarfen ne zai tsage. Lawali ya ce, "Baba, sa mana." Na ce ya ba ni kaɗan. Na jingina sandar a bango, na durƙusa, na manna kunnena a inda ƙyauren ya haɗu da bango, na ɗaga hannu kowa ya yi tsit.

Da farko ban ji komai ba. Can sai na jiyo shi, a hankali, yana shiga yana fita, har da ɗan fito a ƙarshe. Minshari ne.

Na jawo Lawali na ce ya sa kunnensa. Ya saurara ya daɗe, sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ƙyauren, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma idona ya cika, ban ɓoye ba. Wata dattijuwa a gidan ta matso tana raɗa, ta ce to sallar asuba fa? Na ce in ta tashi ta rama, Allah ya san watannin da ta yi ido biyu.

Lawali ya share fuska, ya dubi matarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ta ajiye taɓaryar nan, ta kwashe yara ta kai su maƙwabta, dakan ya jira har Inna ta tashi.